Taron La Palma da Batun Kare Duhun Dare

A ranakun 19 da 20 ga watan Afrilu na shekarar 2007, masana ilmin taurari da masana halittu da wakilan hukumomi daga ƙasashe da dama suka hallara a La Palma, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya waɗanda ke cikin Tekun Atilantika daura da gaɓar Maroko. Hukumar UNESCO da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya suna cikin waɗanda suka mara wa taron baya. Abin da ya tara su kuwa, wanda ya ji shi karon farko zai iya ɗaukarsa wasa: sun zo ne su tattauna yadda za a kare duhun dare daga hasken fitilu.

Ba a zaɓi wannan tsibiri haka kawai ba. A ƙololuwar tudunsa, wajen mita 2,400 daga doron teku, akwai tashar binciken taurari ta Roque de los Muchachos, inda aka girke manyan madubin hangen nesa, har da wanda faɗinsa ya kai mita 10.4. Irin wannan na'ura aikinta tattara ɗan hasken da ya yi tafiyar miliyoyin shekaru kafin ya iso duniya, don haka fitilun gari guda na iya ɓata mata aiki. Saboda haka ne tun a 1988 gwamnatin Sifaniya ta kafa dokar da ake kira Dokar Sama, wadda ta ƙayyade irin fitilun da za a sa a waje a tsibirin, ta kuma sa iyaka ga tashoshin rediyo da masana'antu masu hayaƙi da hanyoyin jiragen sama a kewayen tashar. Wato mahalarta sun zo wurin da aka riga aka gwada maganin ne, suna iya fita da dare su duba da idonsu.

To, ta yaya haske ke zama gurɓata? Fitilar titi da ba a yi mata murfi ba tana watsa haskenta ko'ina, har sama inda ba mai bukatarsa. Hasken nan yakan ci karo da ƙura da raɓa da ita kanta iska, ya warwatsu, ya dawo ƙasa tamkar hazo mai sheƙi. Taurari suna nan yadda suke, amma bangon da ke bayansu ya yi fari, ido ba ya iya rarrabe su. Shuɗin haske ya fi ja da rawaya warwatsuwa, dalilin da ya sa sama take shuɗiya da rana ke nan. Abin takaici shi ne fararen fitilun LED da suka cika birane daga baya suna ɗauke da shuɗi mai yawa, kuma da yake ba su cin wuta sosai, sai hukumomi suka ƙara yawansu maimakon su adana kuɗin.

Ba masana taurari kaɗai abin ya dama ba. A tsibiran Kanari ɗin, ’ya’yan wasu tsuntsayen teku kan bar sheƙarsu da dare a tashinsu na farko, fitilun gari su ruɗe su, su faɗo kan titi, har sai mutane sun bi suna tsince su. Jikin ɗan Adam ma yana fitar da sinadarin melatonin cikin duhu don ya shirya barci, haske kuwa yana danne shi. Daɗin daɗawa, hasken da ya tafi sama kuɗin jama'a ne aka ƙona, batun da ya kamata ya tsaya a ran duk ma'aikacin da ke sa hannu a kan kwangilar fitilun gari.

A ƙarshen zama aka amince da wata sanarwa wadda ta ɗauki ganin sama mai tsabta a matsayin haƙƙin ɗan Adam, daidai da sauran haƙƙoƙin muhalli da al'ada. Sanarwar ba doka ba ce, ba ta tilasta wa kowace ƙasa kome, kuma wannan shi ne rauninta. Shawarwarin da ke tattare da ita dai masu sauƙi ne: a karkatar da fitila ta dubi ƙasa, a haska abin da ake bukata gwargwadon bukata, a rage ko a kashe idan dare ya raba.

Alƙaluman da suka biyo baya ba su nuna an ji kiran ba. Taswirar hasken sama da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin gurɓataccen sama, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama. Singafo ce ta fi kowa lalacewa. Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska su ne suka fi tsabtar sama. Sai dai a lura, ƙarancin lantarki ne ya ba su wannan matsayi, kuma ba mai hankalin da zai ce su zauna a duhu don a ga Kaza da ’ya’yanta. Tambayar ita ce wace irin fitila za a kafa ranar da wutar ta iso. Wani bincike na 2023 ya ƙiyasta cewa yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 za su koma 100.

Sa'an nan wata sabuwar matsala ta ɓullo daga sama. A watan Mayu na 2019 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan Adam 60 na Starlink a tashi guda, dubbai suka biyo baya. Suna maido da hasken rana, suna jan layi a hotunan masana, kuma dokar wani tsibiri ba ta kai gare su. Aka shirya wani taro a kan wannan a La Palma cikin Oktoban 2021, amma dutsen Cumbre Vieja ya fara aman wuta ranar 19 ga Satumba, dole aka yi zaman ta intanet. A 2022 Ƙungiyar Masana Taurari ta buɗe cibiya ta musamman don tuntuɓar kamfanonin, a 2024 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sararin samaniya ya yarda a sa batun cikin ajandar ƙaramin kwamitinsa na kimiyya daga 2025 zuwa 2029.