Filin Makaranta da Gidan Kallo: Wanne Ya Fi Amfanar Yaran Kurugu?

Matashin Kurugu mai son tamaula yana da wurare biyu da yake kai zuciyarsa. Na farko shi ne filin makarantar sakandare, inda akan kara da ɗaliban wata makaranta daga cikin garin Ƙaraye ko daga ƙasar Rogo. Na biyu shi ne gidan kallo, rumfar kwano mai benci da janareta, inda ake biyan kuɗin shiga a kalli Arsenal da Chelsea. A wuraren biyu akwai ihu, akwai gori, akwai ɓacin rai. Amma abin da kowannensu ke bar wa yaro da garinsu ya sha bamban, kuma ni a ganina filin makaranta ya fi nauyi a sikeli.

Sai dai a ba gidan kallo haƙƙinsa. A nan yaranmu suka ga ƙwallo a matakinta na ƙoli. Tun da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, sannan Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006 har ya ɗaga kofin zakarun Turai da ita a 2012, gasar Ingila ta zama tamkar ta gida a arewacin Najeriya. Yaron da bai taɓa samun mai horarwa ba ya koyi yadda 'yan baya ke haɗa tarkon satar gida, da yadda ake buga kusurwa, duk daga allon talabijin. Gidan kallo kuma ba ya saɓa alkawari: kusan kowane ƙarshen mako akwai wasa, damina da rani. Mai gidan yana cin abinci, mai shayi da mai rake a bakin ƙofa su ma suna samu.

Wasan makaranta ba shi da wannan tsari. Yakan jira a kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, yara su sami sararin atisaye da yamma, domin a wannan yanki na manoma ɗalibi ma ɗan gona ne. Fili ba ciyawa, layi da toka ake ja, ragar ma wani lokaci sanduna ne kawai. Wani ɗan wasan da takalmin aro zai shiga. Akwai kuma aibobin da bai kamata a ɓoye ba: shigo da 'yan haya waɗanda ba ɗalibai ba, rage shekaru, da jifa ko faɗa idan alƙalin wasa ya busa fenaritin da 'yan gida ba su yarda da shi ba.

To me ya sa duk da haka na fifita shi? Saboda a filin makaranta yaro shi ne mai yi. Shi ke gudu na minti casa'in, shi ke jin zafin faɗuwa, shi ke koyon miƙa wa abokinsa ƙwallo a lokacin da ransa ke so ya buga da kansa. Kyaftin ɗin aji shida yana koyon shugabanci idan ya hana yaransa taɓa alƙali. Golan da aka zura wa uku yana koyon fitowa makaranta washegari ya haɗa ido da mutane. A gidan kallo kuwa, ko mutum ya shekara goma yana cewa "mun ci", ba abin da ya ƙaru a ƙafarsa ko a huhunsa, kuma ƙungiyar da yake kwana da baƙin cikinta ba ta san da zamansa ba.

Sai kuma batun wanda ake hamayya da shi. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da Kaduna da Katsina, don haka mutanen yankin sun san wasan barkwanci irin na Kanawa da Zage-zagi, tsokanar da ke ƙara danƙon zumunci. Hamayyar makarantu biyu maƙwabta irin wannan ce. Ɗan gaban da ya ci ku yau, gobe za ku haɗu a kasuwa, wataƙila ma ɗan ƙanwar babarka ne. Dole a yi gori da iyaka, domin akwai gobe. Tafiyar da ɗalibai ke yi zuwa garin abokan karawa, da tarbar da ake yi musu da ruwa da abinci, ita kanta darasi ce. Musun gidan kallo ba shi da wannan birki, kuma a 'yan shekarun nan caca ta raɓe shi, har ta kai Hukumar Hisbah ta Kano ta shiga rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ga wasannin zakarun Turai da ake farawa ƙarfe takwas ko tara na dare, ɗalibi ya koma gida cikin dare, da safe ya yi ta gyangyaɗi a aji.

Kada a ce filin ƙauye ba ya kai mutum ko'ina. Jiharmu ta Kano ce ke da Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A Pillars ɗin Ahmed Musa ya yi fice kafin ya tafi Turai, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da 2018. A Kano ake buga kofin Ramat na matasa don tunawa da Janar Murtala Muhammad. Duk wannan tsani ne, kuma matakalarsa ta farko tana kan fili mai ƙura irin na makarantunmu. Idan aka bar ta ta ruɓe, daga ina yaron Kurugu zai fara hawa?

Ba na kiran a rufe gidajen kallo. Abin da nake roƙo shi ne a daina barin wasan makaranta a hannun sa'a. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ya kamata gyaran ya haɗa da filin wasa da malamin wasanni. Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo za su iya sa kofi ɗaya na shekara-shekara tsakanin makarantunsu, a buga gida da waje, a tantance kowane ɗan wasa da rajistar ajinsa, a kawo alƙali daga garin da ba ya cikin karawar. Tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin riguna da ƙwallaye, hakimai da dagatai su zauna a bakin fili domin zamansu kaɗai ya isa ya hana jifa. Kuɗin da hakan zai ci kaɗan ne, kuma yaran da za su buga suna nan a aji, suna jiran a sa musu rana.