Goge Yana Da Karatunsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Sanam da sauran ƙasar Kurfey, a wannan wata maganar kiɗan tsirkiya muka kawo muku. Ku saurara da kyau, don tsofaffin da suka san shi suna ƙarewa.

Kowa ya san goge. Ɓarin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza. Tsirkiyarsa ɗaya tak, ta gashin wutsiyar doki. Abin gogawar ma gashin doki ne, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Garaya tsirkiyarta biyu, ita ce ta maharba. Molo uku gare shi, Zabarmawa sun ƙware a kansa. Matan Abzinawa kuma suna kaɗa imzad, ɗan uwan goge. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin kayan gadon duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya.

Mine ne take?

Mai goge ba ya goga abin da ya ga dama. Akwai take. Take shi ne kiɗan da aka keɓe ma mutum guda ko sana'a guda. Sarki na da takensa, ɗan kokawa na da nasa. A fagen bori ne abin ya fi tsanani. Kowane iska na da takensa da kirarinsa. Na Doguwa dabam, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima da na Malam Alhaji dabam. Ƴan bori sun ce in makaɗi ya ɓata take, mai shi ba ya zuwa. Saboda haka babban mai goge yana ɗauke da take barkatai a kansa, kuma ya san wanda ke gaba da wanda ke biye.

Wani zai ce, mu Musulmi ne, ina ruwanmu da bori? Ba mu ce kowa ya tafi fage ba. Amma tarihin Kurfey na cikin waɗannan take. Ga misali.

Wajen 1925, a Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo da mutanenta suka fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara. Su ake ce ma Babule, ko Hauka. Mutanen nan suka ƙi bin sarakunan da Nasara ya naɗa. Kumandan na Yamai, Krosisiya, ya sa aka kamo su aka kulle. Abin bai mutu ba. Shi kansa kumandan sai da ya zama iska, ana ce masa Kumandan Mugu! Ƴan ci-rani suka tafi da Babule har ƙasar da yau ake kira Gana. A can, kusa da birnin Akara, wani Bafaranshe, Jan Rush, ya ɗauke su a silima a 1954, ga mai goge yana yi musu kiɗa. Kun ga, wanda ya ji taken Babule ya ji labarin kakanninsa da Nasara.

Yadda ake koyo

Ba a fara koyon goge da goge. Yaro yana zama kusa da ubangidansa yana buga ƙwarya, shekara da shekaru. Kunne ke fara koyo, hannu ya biyo baya. In ya riƙe goge, take guda ake ba shi. Sai ya zauna masa sosai kana a ƙara wani. Mai gaggawa ya haɗa kan wannan da wutsiyar wancan, tsofaffi su yi masa dariya.

Mai saurare shi ma yana da aiki. In an fara kiɗa, ka tambayi na kusa da kai, taken wane ne wannan? Ka nemi kiɗan Ɗan Gurmu, mai gogen Tawa, wanda aka sa ma gasar mawaƙan ƙasa sunansa. Ka nemi molon Jeliba Baje, ko ba ka jin Zabarmanci sosai. Ka ji su sau uku, sau huɗu. A ji na farko ba a rarrabe komi.

Turawa ma suna da irin nasu goge, mai tsirkiya huɗu. Su sun ƙago alamomin rubuta kiɗa a takarda. Wani ɗan Italiya, Vivaldi, ya tsara kiɗan lokutan shekara huɗu, aka buga shi a 1725. Har yau ɗan lakkol na buɗe takardar ya kaɗa shi. Namu kuwa a ka yake. In tsoho ya rasu bai ba kowa ba, shi ke nan.

Haka ta so faruwa ga biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma, masuntan tabkin Cadi. Gwani ɗaya ya rage, Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka ya tafi ya zauna wurinsa ya koya, ya kai biram ƙasashen duniya. Shi ma ya rasu a 2018.

A nan yankinmu ga wata matsala kuma. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumar Abala, saboda rashin kwanciyar hankali. Taron dare ya ragu. Yaron da ba ya zuwa taro, ina zai ji take?

To, ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi amfani. Bayan girbi, ku ɗauki littafi da alƙalami, ku tafi wurin mai gogen garinku da ɗan goro. Ku rubuta sunansa da sunan wanda ya koya masa. Ku rubuta sunan kowane take da kirarinsa. In akwai mai salula, a ɗauki sautin, amma sai makaɗin ya yarda, don akwai taken da ba a kaɗawa ko'ina. Kada a bar sautin cikin waya guda, waya na faɗawa rijiya. A Yamai akwai makarantar kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, tana tara kayan kiɗan gargajiya. Mai tafiya can yana iya kai musu abin da kuka tara.