Yadda jatan lande yake girma

Daga Asamaka har Arlit babu teku, sai rairayi. Busasshen jatan lande na miya daga bakin teku yake fitowa, kamar Kwatano ta ƙasar Benin.

Uwa ɗaya tana zuba ƙwai fiye da 100,000 cikin teku. Bayan wajen sati 3, ƴaƴan su shiga tabkin Nokuwe, inda ruwan gishiri ya gamu da ruwan daɗi. Can akwai abinci da ɗumi. Suna yin saɓa kamar maciji. Kowace saɓa, su ƙara girma. Bayan ƴan watanni su koma teku, su balaga, su yi ƙwai.

Masuncin da ya kwashe ƙanana da taru, irin shuka ya cinye. Baɗi kamu ya ragu, kuɗi ya hau.