Hekta ko eka? Yadda za ka auna gonarka da kanka kafin ka sayi taki

In ka tambayi manomi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa girman gonarsa, amsar da za ka fi ji ita ce "za ta kai kadada biyu" ko "tana cin tiya kaza ta iri". Da wuya ka samu wanda ya taɓa sa igiya ya auna. A da wannan bai cika damun kowa ba, gonar gado ce, mutum ya san ta ciki da bai. Yanzu kuwa matsalar tsaro ta sa da yawa sun bar gonakin nesa sun koma hayar fili kusa da gari, kuma kuɗin haya, kuɗin tarakta, taki da maganin ciyawa duk da hekta ake lissafa su.

Ita kanta kalmar kadada tana rikita mutane: wani eka yake nufi da ita, wani hekta. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato murabba'in mita 10,000. Eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce, saboda haka sai an haɗa eka kusan biyu da rabi kafin a samu hekta ɗaya. In ana ciniki aka ce maka kadada, ka tambaya, wacce daga ciki?

Zagayen gona ba shi ne girmanta ba

Wasu sukan zagaya iyakar gona suna ƙirga taku, su ce tunda zagayen nan daidai yake da na gonar wane, to girmansu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Gona mai mita 100 a tsawo, 100 a faɗi, zagayenta mita 400 ne, girmanta 10,000. Wata mai tsawon 150 da faɗin 50, ita ma zagayenta 400 ne cif, amma 150 sau 50 ya ba da 7,500 kawai. Ka ga rubu'in hekta ya ɓace ke nan, alhali tafiyar ɗaya ce. Duk yadda gona ta ƙara sirancewa, haka girmanta ke raguwa a kan zagaye iri ɗaya.

Abin da ake yi shi ne tsawo sau faɗi. In babu tef, a samu igiya a auna mata mita 20 da tef ɗin tela ko na magini, a ɗaura ƙulli a kowace mita 5. Mutum biyu sun isa. Taku ma yana aiki, amma sai ka fara sanin naka: ka taka igiyar nan sau uku da tafiyarka ta yau da kullum. In taku 25 ne ke cinye mita 20, to kowane takunka santimita 80 ne.

To gonakinmu ba kasafai suke zuwa a miƙe kamar allo ba. Mu ɗauki misalin gona mai tsawon mita 110, bakinta na gabas 70, na yamma ya tsuke zuwa 50. Sai ka haɗa 70 da 50, ka samu 120, ka raba biyu, 60. Wannan shi ne matsakaicin faɗinta. 60 sau 110 ya zama 6,600. Raba da 10,000, ka samu 0.66, wato kashi biyu cikin uku na hekta. Wanda ya biya kuɗin hekta guda a kan wannan fili ya yi kyautar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa bai sani ba. In akwai lungu mai kusurwa uku, auna gindinsa, auna tsayinsa a miƙe daga gindin zuwa tsinin, ninka su, ka ɗauki rabi. Gona mai karkace-karkace kuma a yanka ta gida-gida, a lissafa kowanne daban, a tara. Dutse, kwazazzabo ko gindin ɗorawa da ba a shukawa, a cire su daga lissafi.

Akwai kuma hanyar ƙirga kunya bayan an yi huɗa. In tazarar kunya santimita 75 ce, kunya 133 masu tsawon mita 100 su ne hekta ɗaya. Sai dai garmar shanu takan buɗa fiye da haka, don haka ka auna faɗin kunya goma ka raba goma, kar ka yi zato. Manhajojin awon fili na waya suna taimakawa, amma a ƙaramar gona kuskurensu kan yi yawa. A gwada sau biyu.

Daga awo zuwa buhun taki

Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga masara a irin ƙasarmu ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin, 60 na fosfet da 60 na fotash a kowace hekta. Lambobin da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowanne daga cikin ukun. Raba 60 da 7.5, ka samu buhu 8. Saura naitirojin kilo 60, shi kuma daga yuriya zai fito. Yuriya kashi 46 ce cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu, ke nan buhu biyu da rabi da ɗan ɗoriya.

Wannan na hekta cikakkiya ne. Ga gonar can ta 0.66, sai ka ninka: kamfa buhu 5 da kusan sulusi, yuriya buhu ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Mai eka ɗaya kuwa kamfa buhu 3 da 'yan kai ya ishe shi. Mun san ba kowa ke da ƙarfin cika wannan adadi ba a tsadar yau. Ko buhu huɗu gare ka, a ganina gara ka san rabin hekta za su ciyar sosai, ka sa waken suya ko wake a sauran, da ka barbaɗa su a fili duka masara ta tashi rawaya.

Feshi ma lissafinsa ɗaya. Auna fili mita 10 sau 10, zuba ruwa zalla a famfon feshi, ka fesa da saurin da ka saba. In lita 2 ta tafi, hekta za ta ci lita 200, wato cikin famfo mai lita 20 sau 10. In takardar jikin maganin ta ce lita 4 a hekta, kowane ciki zai samu mililita 400. A yi amfani da kofin awo mai lamba, a bar gwangwanin madara, don kowa da yadda yake cika nasa.

Ga ƙungiyoyin manoma, tef mai mita 50 guda ɗaya zai wadaci kowa. A auna gonakin mambobi da rani kafin ruwa ya sauka, sakatare ya rubuta girman kowace a littafi, da shi za a riƙa raba taki da biyan mai tarakta.