Wasan padel: Raket mafi tsada ba shi ne na ɗan koyo ba

Wasan padel, wanda Enrique Corcuera ya ƙirƙiro a birnin Acapulco na ƙasar Meziko a 1969, ya bunƙasa a Sifaniya da Ajantina, kuma yanzu ya iso Legas da Abuja. Mutum huɗu ne ke buga shi, biyu-biyu, a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10 da aka kewaye da gilashi da waya. Sai dai ma'aikacin da ya fara sha'awarsa yakan yi tuntuɓe tun wajen sayen raket, inda kuskure ke jawo asarar kuɗi da ciwon gwiwar hannu.

Raket ɗin padel ba shi da tsarkiya irin ta tanis. Allo ne mai huji-huji, da soso a cikinsa. Dokar hukumar wasan ta duniya, FIP, wadda aka kafa a 1991, ta taƙaita tsawonsa a santimita 45.5, faɗinsa 26, kaurinsa kuma milimita 38. Ta kuma wajabta ɗaura igiyarsa a wuyan hannu.

Siffofinsa uku ne. Mai zagaye ya fi dacewa da ɗan koyo, domin nauyinsa na kusa da mariƙi, kuma gurbin da ƙwallo ke tashi daidai yana da faɗi a tsakiyarsa. Mai siffar ɗigon hawaye ya haɗa ƙarfi da iya sarrafawa, shi ya sa ya dace da wanda hannunsa ya fara faɗawa. Mai siffar daimon kuwa nauyinsa na can sama. Yana ba da dukan ƙarfi, amma ba ya yafe kuskure, don haka na ƙwararru ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

Bayan siffa sai nauyi da kayan ƙira. Galibin raket na tsakanin giram 340 zuwa 390, kuma mai farawa zai fi sakewa da wanda bai wuce 365 ba. Fuskar zaren gilashi da soso mai laushi suna shanye girgizar duka kafin ta kai gwiwar hannu, sun kuma fi araha. Fuskar kabon ta fi tauri da ƙarko, amma sai hannun da ya saba.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne, domin yana sassauta soson yana rage masa kwana. Ma'aikacin da zai tafi hutu gida Zungur ta hanyar Jos, ya bar raket a but ɗin mota cikin zafin Afrilu na Bauchi, yana iya dawowa Abuja da allon da ba ya mayar da ƙwallo yadda ya saba.

Dabara mafi sauƙi ita ce mutum ya ari raket ko ya yi haya, ya buga 'yan wasanni, sannan ya taɓa albashinsa.