Gwanaye Goma a Fage Ɗaya: Yadda Ake Tarjihi Tsakanin 'Yan Kokawa

Daga cikin muhawarorin da ba su ƙarewa a majalisun Gauraka, wannan gari da ke bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Suleja da Dutsen Zuma, inda fatauci da neman abinci suka tara Sakkwatawa da Kabawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi da Damagaram, akwai wata mas'ala wadda samari da dattawa suke ɗaukowa da zarar sanyin hunturu ya shigo, aka fara jin labarin kokawar takobi daga Jamhuriyar Nijar. Mas'alar kuwa ita ce: da za a ba mutum iko ya tara gwanayen kokawa na dā da na yanzu, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowa yana cikin ganiyar ƙarfinsa, a ce ya zaɓi goma su tsaya masa, su wa zai ɗauka, su wa zai bari?

Ba a banza ake cewa goma ba. Tun da aka kafa gasar a Tawa cikin 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, jihohin ƙasar suke haɗuwa, kuma a tsarin da ake bi yau jiha takwas ce, kowacce da 'yan kokawa goma, jimla tamanin. Jiha tana karawa da jiha, wanda duk aka kayar ko da sau ɗaya ne ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da yake zai ci gaba da shiga fage domin mutuncin jiharsa. A ƙarshe sai a haɗa waɗanda ba su taɓa ƙasa ba har a sami guda, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi. Ba a raba manya da ƙanana bisa nauyin jiki, saɓanin gasar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka yi a Abuja cikin Maris na 2025, inda sikeli ne yake fara hukunci kafin alƙali.

Mafi sauƙin hanya, wadda yara masu waya a hannu suka fi so, ita ce ƙidayar takubba, kuma idan aka bi ta babu jayayya, domin Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Amma dattawa ba su yarda ƙidaya ta zama hujja yankakkiya ba, kuma a ganina suna da gaskiya, saboda darajar kaye tana ga wanda aka kayar, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi, wanda ya buɗe littafin da takobin farko, ya yi zamani da Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, mazajen da kowanne daga cikinsu ya isa ya riƙe fage shi kaɗai da Allah ya kawo shi a wani lokaci dabam. Malamanmu na tarihi, da suka zo rubuta labarin magabata, ba su cakuɗa su wuri guda ba, sai suka jera su ɗabaƙa ɗabaƙa, suka auna kowa da tsararsa. Wannan shi ne adalci, kuma shi ya kamata mai zaɓe ya fara yi kafin ya yi ƙiyasin wani zamani a kan wani.

Sai dai a nan wata wahala take ɓullowa, wato ta riwaya. Kokawar Isaka tana nan cikin waya, ana iya mayar da ita baya sau goma a ga yadda ya sunkuya, ya ɗebi yashi ya murza a tafin hannu, ya yi ta zagaye yana taɓa kan abokin karawa har ya ga ƙafa ta yi sake, sa'an nan ya kai cafka. Ta mutanen farko kuwa mafi yawanta ta zo mana ne ta bakin masu sharhi a rediyo, da makaɗa, da tsofaffin da suka halarta, alhali makaɗi ba a ɗauke shi aiki don ya faɗi aibin ubangidansa ba. Duk wanda ya san abin da waƙar Ɗan Anace ta yi wa sunan Shago a fagen dambe ya san cewa kiɗa yana ƙara wa namiji tsawo. Saboda haka wajibi ne a binciki isnadin kowane labari, a fifita shaidar abokin gaba a kan ta masoyi: idan Bamaraɗe ya yabi Kantu, to, an ji, idan mutumin Tawa ya yabe shi, wannan ita ce shaida.

Wannan muhawara ba tamu ba ce mu kaɗai. Mutanen Japan, waɗanda suke da tasu kokawar ta sana'a da ake yi cikin dandali mai igiyoyi, suna irin wannan zaɓe, kuma galibi sukan fara da Rikidozan, ɗan asalin Koriya da ya baro kokawar sumo ya kafa ƙungiyarsa a 1953, ya rasu a 1963. Daga nan sai su rabu biyu a kan almajiransa, Giant Baba da Antonio Inoki, waɗanda kowannensu ya kafa tasa ƙungiyar cikin 1972. Inoki shi ne ya kara da Muhammad Ali a Tokyo ran 26 ga Yuni 1976, ya shafe mafi yawan zagaye 15 yana kwance da baya yana shurin ƙafafun Ali, aka tashi babu wanda ya yi nasara. Amma mizaninsu ba irin namu ba ne, domin a kokawarsu ta sana'a an riga an tsara wanda zai ci tun kafin a hau, abin da ake yabo shi ne juriya da gwaninta da iya motsa zukatan 'yan kallo. Mu kuwa ƙasa ce take hukunci, kuma ba ta san sarki ba.

To, idan aka tilasta mini tarjihi, Kantu zan ba jagoranci saboda falalar rigaye da nauyin abokan zamaninsa, Isaka ya biyo shi, domin ɗorewa shekara da shekaru a gasar da kuskure guda yake rushe aikin shekara ba ƙaramin al'amari ba ne. Salma da Kadade ba a tambaya. Langa-Langa na Damagaram da Balla Haruna da Laminu Mai Daba na Agadas su cike bakwai.

Ragowar ukun ne wurin da nake saɓa wa jama'a. Ba zan ba sarakunan fage ba, zan ba irin mutanen nan da ba su taɓa riƙe takobi ba, amma kowace shekara sai sun ɓata wa wani babba lissafi: gajere mai taɗiya wanda ba a samun ƙugunsa, da mai haƙuri wanda zai riƙe gwani har numfashinsa ya ƙare, da bahago wanda kamunsa yake zuwa ta inda ba a zata ba. Tsarin gasar da kansa ne yake wajabta haka, tunda jiha ba ta kai ɗanta ga takobi sai 'yan'uwansa sun share masa hanya, sun zubar da gwanayen sauran jihohi tun a kwanakin farko. Sarakuna goma kuwa, kowa yana tattalin bayansa kada ya taɓa ƙasa, babu mai yarda ya yi wannan kasada domin wani.

Abin da yake ci mini rai shi ne, a jerin nan duka babu ɗan Nijeriya ko ɗaya, ba don Sakkwato da Argungu da Katsina ba su haifi mazaje ba, sai don kokawarmu ta kaka, wadda ake yi bayan an kai amfanin gona gida, ba ta sami gasa guda mai ɗorewa da za ta riƙa ajiye sunaye shekara bayan shekara ba. Bakabe a Gauraka zai rantse maka cewa a garinsu an yi wanda zai sunkuci Kantu kamar damin gero, ka tambaye shi shekara da fage da shaidu, sai ya ce kakansa ne ya gani.