Kufai da Fagen Wasa: Darasi Daga Ƙasar Girka Ga Ɗaliban Ƙasar Hausa

A ƙasashen Turai an daɗe da al'adar kwasar ɗalibai lokacin hutu a kai su ƙasar Girka, domin su ga kufan garuruwan da suka karanta labarinsu a littafi. Ɗaya daga cikin wuraren da ake kai su, bayan birnin Atina, shi ne Olimfiya, inda wasannin Olimfik suka samo asali. A can yara kan tsaya a kan layin dutsen da 'yan tseren dā suke tsayawa, su sheƙa da gudu har ƙarshen fage. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake koya a irin wannan ziyara, sa'an nan a duba ko ɗalibin Gwarzo ko na Kabo yana da makamancinsa a kusa da gida.

Olimfiya da Wasanninta

Girkawa suna ƙirga farkon wasannin Olimfiya daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma duk bayan shekara huɗu ake yin su. Da fari tsere kaɗai ake yi, a fage mai tsawon kimanin mita 192. Daga baya aka ƙara kokawa da dambe da jifan mashi da jifan faifai da tseren keken doki. Wanda ya yi nasara ba kuɗi ake ba shi a fage ba, rawanin ganyen zaitun ake ɗora masa. Idan lokacin wasa ya gabato, akan yi shelar amana tsakanin garuruwa don matafiya su isa lafiya.

Wasannin sun mutu wajen ƙarshen ƙarni na 4 na Miladiyya, bayan da Sarkin Rum Tiyodosiyas ya hana bukukuwan bautar gumaka. Girgizar ƙasa da ambaliya suka rushe gine-ginen, laka ta binne su. Sai a 1875 masana daga Jamus suka fara haƙa wurin sosai. A 1896 kuma aka farfaɗo da wasannin a Atina bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin. Watau sai da aka tono kufai aka adana shi, sa'an nan ya zama makaranta.

Kamannin da ke Tsakaninmu da Su

Bahaushen da ya karanta wannan labari ba zai ji shi baƙo ba. Ɗan damben Girka yakan naɗe hannuwansa da tsirkiyar fata. Namu kuwa hannu ɗaya yake ɗaurewa da kara, ya bar ɗayan don kariya. Su sai an kayar da mutum sau uku ake cewa an ci shi a kokawa, mu kuwa kaye ɗaya ya wadatar. Suna da mawaƙi mai suna Findar wanda yake wasa gwanayen fage, kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago. Su lokacin bikin addininsu suke haɗuwa, mu kuma da kaka, sa'ad da amfanin gona ya zo gida, mahauta suke buɗe fagen dambe da kiɗan kalangu.

Abin lura kuma shi ne, lambar Olimfik ta farko da Nijeriya ta samu a dambe ne, wadda Nojim Maiyegun ya ciwo a Tokyo a 1964. Haka ma Jamhuriyar Nijar, ta hannun Issaka Dabore a Munich a 1972.

Namu Kufan

Harshen Hausa kansa ya bambance waɗannan abubuwa. Kufai shi ne wurin da gari ya taɓa zama aka tashi. Kango shi ne ginin da aka bari ba mazauni. Ganuwa ko badala ita ce katangar da ta kewaye birni. Al'ummar da ta tanadi kalmomi haka ba ta rasa abin nuna wa 'ya'yanta ba.

Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce. A nan akwai Dutsen Dala, inda aka sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. Akwai ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa. Akwai Gidan Makama, wanda ya zama gidan adana kayan tarihi. Mai ikon yin nisa sai ya je Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, ko Hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina da dutse a ƙarni na 16. Kafin duk wannan ma, ga tsofaffin garuruwa a gida kamar Getso da Godiya, inda dattawa za su iya nuna wa yaro inda ƙofofin gari da kasuwar dā suke.

Abin da ya Kamata a Yi

Laka ta ɓoye duwatsun Olimfiya fiye da shekara dubu, aka tono su suna nan. Ginin ƙasa ba ya jira haka. Kowace damina tana zaizaye ganuwa, masu neman ƙasar gini suna ɗiba, masu neman fili suna cinyewa. Haka wasanni irin su langa da 'yar tsana da tashe suke ja da baya, kuma duk wasan da ya mutu da kalmominsa da kirarinsa yake tafiya.

Saboda haka ya kyautu makarantun ƙasar Gwarzo da Kabo su riƙa shirya ziyara ko da sau ɗaya ne a shekara. A fara da garin da makaranta take. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi, ya auna abin da ya rage na ganuwa da takunsa, ya rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni, ya tambayi dattawa ma'anarsu. Da la'asar a gayyato tsofaffin 'yan kokawa su koya wa yara dokokin fage, a yi langa tsakanin aji da aji. Abin da aka tattara a ajiye shi a ɗakin karatu na makaranta, domin 'yan baya su ɗora a kai.

Ɗalibin da ya yi wannan, in Allah ya nufe shi da zuwa Girka wata rana, zai tsaya a fagen Olimfiya yana da abin da zai kwatanta, yana kuma da labarin da zai ba masu masaukinsa.